Yadda Ake Auna Haɗarin Aiki da Rola Kafin a Tayar da Ita

A duk injinan da ke wurin aikin titi babu wanda ake rainawa kamar rola, injin da ke danne ƙasa da kwalta da gangarsa ta ƙarfe. In katafila ta taso kowa darewa yake yi, in tifa za ta juye ƙasa har ihu ake yi wa na kusa. Ita kuwa rola tafiyar hawainiya take, kilomita 3 zuwa 5 a awa in tana kan daka, shi ya sa za ka ga lebura ya gifta ta gabanta da shebur a kafaɗa ko waiwaye babu. Ya manta cewa mai ganga ɗaya ɗin nan da ake danne jan ƙasa da ita tana kai tan 10 zuwa 12, wata har ta zarce. Ƙarfen da aka ƙera don ya lallasa tsakuwa ba ruwansa da ko ƙafar mutum ce ta shiga ƙarƙashinsa.

Na daɗe ina aikin foman a titunan da ke tsakanin Katsina da Daura, kuma maganar tawa da sabon foman nake yinta, da injiniyan da aka damƙa wa wurin aiki, da ƙaramin ɗan kwangilar da ya ɗauko hayar rola ta kwana biyu. Manyan kamfanoni suna da fom na auna haɗari, kuma yana da amfaninsa. Sai dai na sha ganin ana cika shi a ofis ƙarƙashin fanka, tun ba a leƙa wurin ba. Ainihin aikin da ƙafa ake yinsa, kuma minti 30 sun ishe ka in ka san abin da kake nema.

Mataki na 1: Taka wurin da ƙafarka

Kafin direba ya taɓa makulli, ka bi duk inda rola za ta bi a yau, daga farko har ƙarshe, kuma ka bi ta gefe. Tsakiyar titi ba kasafai take cin mutum ba. Rola ta fi kifewa a bakin ciko, inda aka tara ƙasa aka ɗaga hanya sama da gonakin da ke kewaye, don ƙasar gefe ba ta da abin da ya tokare ta. Da ka kunna jijjiga, wato girgizar da ganga ke yi don ƙasa ta daku, sai ƙasar ta fara zamewa a hankali, ganga ta bi ta, sauran jikin ya biyo baya.

Ka riƙe sandar rodi a hannu kana caka ƙasa. Inda ta shige ba wuya, ka kafa fegi. Ka duba ko akwai tsaga mai bin tsawon gefen, ko da siririya ce kamar zare, domin alama ce bakin ya fara rabuwa da jikin hanya. Wajen Daura da Mai'aduwa da Zango ƙasar jigawa ce, rairayi ya yi mata yawa, tana iya yi maka kyau a ido alhali ƙarƙashinta ba ƙwari.

Wannan sandar ban fara riƙe ta ba sai da na ga abin da ya tsorata ni. Wata shekara cikin Agusta muna ciko a kan sabon kwalbati. Jiya da yamma mun danne wurin lafiya lau, da dare aka kwana ana ruwa, da safe na dubi saman daga inda nake tsaye na ga ya tsane, na ɗaga wa direba hannu. Dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Ya je ya dawo sau ɗaya, a na biyu sai na ga gangar ta sunkuya ta hagu kamar raƙumi zai durƙusa. Ashe ruwa ya bi ta gefen kwalbatin ya rarake ƙasar ta ciki, ɓawon sama kawai ya rage. Allah ya sa Baba ya kashe jijjiga nan take ya tsaya cak, bai yi gigin juya sitiyari ba. Sai da motar haƙa ƙasa ta zo da sarƙa aka janyo ta. Da ya sauko bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Yaro, ƙasar jiya ba ita ce ta yau ba." Laifina ne, don ban taka wurin ba.

Ga ma'aunin da za ka riƙe. In akwai rami ko lambatun da aka haƙa, tazarar rola da bakinsa kada ta gaza zurfinsa: rami mai mita 2, rola ta tsaya aƙalla mita 2 nesa, a ƙasar rairayi ka ƙara. Littattafan wasu rolar kamfanin Dynapac sun ce a bakin hanya dole kashi 2 cikin 3 na faɗin ganga su kasance kan ƙasa mai ƙwari. Ni dai a sabon ciko ba na yarda ko kamu ɗaya na ganga ya leƙa waje. Gara a faɗaɗa cikon ya wuce iyakar titi, a danne, daga baya gireda ta yanke rarar.

Sai gangara. Rola hawa take yi ta sauka a miƙe, ba a ratsa gangara da ita a karkace. Waɗannan littattafan sun sa iyakar karkacewar gefe a digiri 20, amma an auna shi ne da inji a tsaye kan daɓe mai tauri. Ƙasa mai laushi, ko jijjiga, ko gudu, ko juya sitiyari, kowane ɗayansu yana iya kifar da ita tun ba ta kai can ba.

Kafin ka bar wurin, ɗaga kai ka dubi wayoyin wutar lantarki na KEDCO da waɗanda mutane suka ja zuwa shaguna suka yi ƙasa-ƙasa, sannan ka tambayi mutanen unguwa inda bututun ruwa ya bi da inda tsohuwar rijiya ko masai da aka cike suke. Mai unguwa ya fi taswirar ofis sanin wannan.

In aikin cikin gari ne akwai ƙarin magana. A tsofaffin unguwannin Katsina, kewayen Gobarau da Ƙofar Soro, ko a Daura wajen Kusugu, yawancin katangu na ƙasa ne, wasu an yi musu shafen siminti sun ɓoye shekarunsu. Jijjigar babbar rola tana bin ƙasa ta shiga gida, har kwanuka su riƙa kaɗawa a ɗaki. Ka zaga da mai unguwa, ka ɗauki hoton kowace katanga mai tsaga da wayarka tun kafin aiki. Kusa da irin waɗannan gine-gine a kashe jijjiga, a rage kaurin ƙasar da ake zubawa, a ƙara yawan zuwa da dawowa, ko a kawo ƙaramar rola. Hoton zai raba ka da rigimar diyya, amma babban abin gudu shi ne katanga ta faɗo wa masu gida.

Mataki na 2: Lissafa duk wanda zai iya shiga hanyarta

Rola rabin aikinta da baya take yinsa. Ta je, ta dawo da ribas, ta sake komawa, haka har yamma. Direban da ya waiwaya sau 200 tun safe, wata dawowar ba zai waiwaya ba, kuma a daidai nan ne mai auna tsayin hanya ya durƙusa yana gyara fegi.

Hau kujerar da kanka ka zauna. Sa wani ya tsuguna gaban ganga, sannan bayan inji, yana matsawa har sai ka fara hango shi. Inda ka fara ganinsa ka shata layi da farar ƙasa, ka tara leburori su ga faɗin wurin da direba ba ya ganin kowa. Gani ya kori ji. Na lura wannan ya fi shiga kansu fiye da kowace lacca.

Sannan ka rubuta su: leburori, mai tankar ruwa, direbobin tifa da ke saukowa su tsaya hira, masu gwajin ƙasa. Waɗannan naka ne, kana iya ba su umarni. Masu wuyar su ne na waje. 'Yan acaɓa da ke kutsawa ta kowace kafa, yara 'yan talla da ke kawo awara da ruwan leda har gindin inji, almajirai masu kallo, 'yan makaranta in an tashi, garken shanu da awaki. Ka san lokacin kowa. In akwai makaranta kusa, a tsayar da rola lokacin tashi. In hanyar tana kai wa kasuwa, ka san ranar cinta, don ranar Lahadi hanyar Mai'aduwa ba irin ta sauran ranaku ba ce.

A aikin kwalta abin ya fi matsewa. Kwalta tana isowa da zafin digiri 140 zuwa 160, kuma dole a danne ta kafin ta huce, don haka rola tana bin injin shimfiɗa kurkusa, masu manjagara kuma suna tsakaninsu. Akwai wata mummunar al'ada da za ka hana tun ranar farko: yaro ya riƙa bin rola tana tafiya yana goge ganga ko taya da tsumma don kada kwalta ta manne. Aikin famfon feshin ruwa ne da ƙarfen kankare kwalta da ke jikin ganga. In sun lalace a gyara su. Tsumma in ganga ta kama shi, da hannun take tafiya.

Mataki na 3: Binciki injin

Yawancin rolar da ƙananan 'yan kwangila ke haya 'yan Kwatano ne, Bomag ko Dynapac ko Hamm da suka gama aiki a Turai, sai kuma sababbin na Sin. Tsufa ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne me aka cire, me aka yi wa dabara.

Fara da ƙarfen kariya da ya yi wa kujera rumfa, wanda za ka ga an rubuta ROPS a farantin jikinsa. Shi ke hana inji danne direba in ya kife. Da yawa an kwance shi don rola ta shiga kwantena ba a mayar ba, wasu kuma mai walda ya haɗa musu rumfar kwano da siraran ƙarafa. Wannan inuwa ce kawai, tan 12 zai lanƙwasa ta kamar karan dawa. In na asali ne amma an huda shi ko an yi masa walda, ƙarfinsa ya ragu. Kuma ƙarfen ba ya aiki sai da bel ɗin kujera. Direban da bai ɗaura bel ba, in rola ta tafi, wurgo shi take yi, sai ƙarfen da aka sa don ya cece shi ya zama shi ne ya danne shi. Ƙa'idar ita ce ya ɗaura bel, in ta fara kifewa ya ƙanƙame sitiyari, kada ya yi tsalle.

Daga nan a gwada birki a fili kafin a hau ciko. A gwada jan maɓallin kashe inji na gaggawa. A tabbatar ba ta tashi sai hannun giya yana tsakiya. Wasu suna da na'ura ƙarƙashin kujera da ke tsayar da inji in direba ya miƙe, kuma ita ce abu na farko da bakanike ke haɗe wa waya in ta dame shi, don haka ka sa direba ya ɗaga jikinsa ka gani. Hon, ƙarar ribas, madubai, fitilu.

Leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai. In kana zargin tiyon haidurolik yana yoyo, kada ka shafa da hannu. Man yana fita da ƙarfin da zai huda fata ya shige tsoka, raunin ya yi kamar tsinin allura amma yana iya kai wa ga yanke yatsa. Kwali ake karawa a gani. Haka kuma gaɓar tsakiya, inda rola ke lanƙwashewa in an juya sitiyari: ba mai shiga nan inji yana kunne, kuma in za a yi gyara a sa ƙarfen kulle gaɓar. Murfin lagireto ba a buɗe shi da zafi, gas kuma ba a zuba shi inji yana aiki.

Mataki na 4: Dubi direban

Tambaye shi ko ya taɓa tuƙa irin wannan samfurin, don wanda ya saba da mai ganga biyu ta kwalta ba lallai ya iya mai ganga ɗaya a kan ciko ba. Kuma ka san wanda zai hau da gaske. Sau da yawa direba yana tafiya cin abinci ya bar wa yaronsa, wai ai rola ce, gaba da baya ne kawai.

Ka dubi idonsa da safe. Aikin yana sa gyangyaɗi, ga ƙugin inji iri ɗaya, ga rana. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yana haura digiri 40, in kuma azumi ya faɗo a irin wannan lokaci sai a jawo aiki ya koma sassafe, a sassauta da rana. Akwai kuma maganar da ba a so a yi: ƙwaya. Wasu suna shan tiramol wai don su jure. Wanda ka ga alama a tare da shi kada ya hau, ko da aikin ranar zai tsaya.

Ƙara da jijjiga su kuma a hankali suke ci. Ƙarar da ta kai desibel 85 ana jinta awa 8 kullum tana kashe ji, kuma in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji ka, to kun kai wurin. Abin toshe kunne ba shi da tsada. Kujerar da sifirin ɗinta ya mutu kuwa, bayan direba ne ke biyan kuɗinta.

Mataki na 5: Ba kowane haɗari maki

Yanzu ka zauna da takarda. Kowane abu da ka gani ka yi masa tambaya biyu. Yaya yiwuwar ya faru, daga 1 zuwa 5? In ya faru yaya muninsa, daga 1, ƙwarzane, zuwa 5, rasa rai? Sai ka ninka su.

Bakin ciko bayan ruwan dare: yiwuwa 4, muni 5, maki 20. Yara 'yan talla a hanyar ribas ba shinge: 4 sau 5, shi ma 20. Ƙarar inji ba toshin kunne: 4 sau 3, wato 12. Zamewa wajen hawa inji: 3 sau 2, wato 6. Kowane kamfani da inda yake ja layinsa. Nawa shi ne, daga 15 zuwa sama ba a tayar da inji sai an gyara. Daga 8 zuwa 12 a yi gyara, a sa ido. Ƙasa da haka a yi gargaɗi a ci gaba.

Abin lura, a harkar rola lambar muni ba ta cika sauka ba. Duk dabarar da za ka yi, in ta taka mutum 5 ce. Abin da ke hannunka shi ne lambar yiwuwa. Kuma kada ka cika takardar kai kaɗai. Kira direba da tsohon lebura guda, za su faɗa maka abin da idonka ya tsallake.

Mataki na 6: Nemi magani, ka fara da mai ƙarfi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba hular kwano da riga mai ƙyalli a ce an gama. Suna da kyau, a sa su, amma su ne na ƙarshe a layi. Hular kwano ba ta tare ganga.

Tambaya ta farko ita ce ko za a iya kawar da haɗarin ɗungurungum. Bakin kwalbati da gefen lambatu ba sai babbar rola ta je ba, ƙaramin injin daɓe na hannu ya isa. In ba za a iya ba, a raba mutane da inji: shinge, durom, igiya, hanyar masu ƙafa daban. In titin da jama'a ke bi ne a nemi haɗin kan KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Jihar Katsina, ko jami'an FRSC masu kiyaye haɗurra, a karkatar da motoci. Bayan wannan sai tsarin aiki: mai tuta guda ɗaya tak da direba ke sauraro, wanda yake tsayawa inda direba ke ganinsa, da sharaɗin cewa in ya ɓace wa direba daga ido, rola ta tsaya. Wanda zai matso kusa sai ya haɗa ido da direba, ya ga an tsaya an ja birki. Da hunturu, in ƙura ta turnuƙe har mai tuta ba ya ganuwa, tanka ta yi feshi ko a dakata.

Za ka haɗu da mai ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kada ka yi musu da shi. Tuna masa kawai cewa an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Mataki na 7: Lodi da saukewa

Wannan nasa lissafin daban, don rola da yawa ba a wurin aiki suke kifewa ba, a kan tirela ne. Gangar ƙarfe a kan matakalar ƙarfe santsi ne da ita, balle in akwai laka ko raɓa. A ajiye tirela a wuri mai daidai, a ja birki, a sa weji. A wanke ganga, a shimfiɗa katako ko tsofaffin tayoyi a kan matakala. Jijjiga a kashe. A hau a miƙe, a hankali, in ta karkace a sauko a sake saiti maimakon a juya sitiyari a tsakiya. Ba mai tsayawa a gefe ko a baya. In ta hau a kulle gaɓar tsakiya, a ɗaure da sarƙa gaba da baya.

Mataki na 8: Faɗa wa kowa, ka shirya wa mummunan labari

Kowace safiya minti 5 a tsaye, da Hausa, a gaban rolar: ga inda za ta bi yau, ga inda ba a zuwa, ga mai tuta. In an yi ruwa, ko an canja direba, ko an kawo wata rola, ko aikin ya matsa gaba, koma mataki na 1.

Ka san asibitin da za ka nufa tun kafin ka buƙace shi. Tsakanin Katsina da Daura kusan kilomita 80 ne, don haka in kana tsakiya, wajen Mashi, ka yanke tun yau ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina za ka yi ko asibitin Daura. A bar mota ɗaya da mai a ciki da makullinta a kusa. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta FRSC kuma 122. In abu ya faru a fara kashe inji, a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, wanda ake zargin ya bugu a wuya ko gadon baya kuma kada a ciccibe shi a guje. Ga ɗan kwangila, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, kuma ta ba shi kwana 7 ya kai rahoton rauni.

Saura ajiyewa. Da azahar in an tafi salla, inuwar rola ita ce inuwa mafi kusa a filin da ba bishiya. Na taɓa ganin Baba ya dawo daga masallaci, bai hau ba sai da ya zaga ta kamar yadda ya saba, sai ga wani sabon lebura ya shimfiɗa kwali yana barci, kansa dab da ganga, hula a fuska. Tun daga ranar zagayen ya zama doka a wurina: a zaga, a leƙa ƙasa, a danna hon, a ɗan jira, sannan a motsa. Da yamma kuma a ajiye ta a wuri mai daidai nesa da bakin ciko da hanyar ruwa, a ja birki, a sa weji gaba da bayan ganga, a cire makulli, a kashe batir in tana da makashinsa. In a bakin titi za ta kwana a kewaye ta da durom masu fenti saboda 'yan acaɓan dare, a kuma gaya wa maigadi kada ya bar yaran unguwa su hau.